Dandalin Tafawa Balewa: Filin Sukuwar da Ya Koma Siminti

A duk gine-ginen tsibirin Legas, Dandalin Tafawa Balewa ne ba na gajiya da kallonsa. Akwai waɗanda suka fi shi tsawo da ƙyalli, amma kaɗan ne suka kai shi nauyin tarihi.

Asalinsa filin sukuwa ne. Sarkin Ikko, Dosunmu, shi ya ba da wurin a 1859, shekara biyu kafin Turawan Ingila su karɓe garin. Dawakai na zagaye gefe, 'yan ƙwallon ƙafa da 'yan kurket kuwa suna da nasu rabon a ciki. Fili ɗaya, wasa uku. A nan aka sauke tutar Birtaniya da tsakar daren shiga 1 ga Oktoba, 1960, aka ɗaga kore-fari-kore, kuma a nan Sir Abubakar Tafawa Balewa ya yi jawabin 'yancin kai a gaban Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniya. A 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka sake gina wurin da siminti, ya zama dandalin da ke ɗauke da sunan marigayi Firayim Minista.

Inda na fi jinjina wa maginan shi ne ƙofar shiga. Fararen dawakai huɗu sun ɗaga ƙafafun gaba sama, ga jajayen gaggafa bakwai tare da su. Daga tambarin Nijeriya aka ɗauko su, amma a wannan wuri dawakan sun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: suna wakiltar ƙasa, suna kuma tuna wa mai wucewa cewa kofato ya taɓa tayar da ƙura a nan. Duk wanda ya tashi yana kallon hawan sallah zai gane wanda ya ƙera su ya san doki; a dubi yadda wuya ya lanƙwashe, ƙirji ya buɗe. Cikin dandalin ma an yi hikima. An bar tsakiya fetal, matattakalar zama ta kewaye ta, ta yadda faretin soja ko taron mutum dubu hamsin zai samu masauki ba tare da wani ginshiƙi ya tare ido ba.

Sai filin kurket da ke gefe, daura da makarantar King's College wadda aka buɗe a 1909. A ganina shi ne mafi daraja a duk harabar, domin shi kaɗai ya tsira daga tsohon filin da ransa. Har yau ana buga wasa a kan ciyawarsa, har da na ƙasa da ƙasa.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Simintin da ya ba dandalin kwarjini shi ya kori sukuwa da ƙwallo, kuma idan rana ta take, zama a kansa sai mai haƙuri. Shaguna da tashar motocin da ke gaba sun matse ƙofar, har mutum ya rasa inda zai ja baya ya ƙare wa dawakan kallo. Na kuma so a ce labarin tsohon filin ya fi haka fitowa fili, ko da ɗan ɗakin tarihi ne mai hotunan sukuwa da na daren 'yanci.

Duk da haka ina ba wanda ya je Ikko shawara ya leƙa. Ya fara da ƙofa, ya ratsa dandali, ya ƙare a filin kurket. A wannan 'yar tafiya zai taka sama da shekara 160 na tarihin garin.