Jinjina ga masu rubuta tarihin Kutus

Kelle, babban garin ƙasar Kutus a arewacin Gure, bakin iyakar Barno ce a da, kuma gari na gefe ba kasafai yake samun marubuci ba. Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gure a Disamban 1852, ya rubuta abin da ya gani na ƙasar Muniyo, inda Gure take. Wanda ya zauna ya saurara kuwa Landeroin ne, tafintan tawagar Tilho ta shata iyaka, 1906 zuwa 1909. Aikin mulkin mallaka ya kawo shi, ba shakka, amma ya ji Hausa, ya yi ta tambayar jerin sarakuna. Madalla da dattawan da suka zauna kan tabarma suna lissafo masa kakanni ɗaya bayan ɗaya, har aka buga a Faransa a 1911.