Sharhi a kan Kalmar "Ceto" a Fassarar Littafi Mai Tsarki

Masu fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, ciki har da Dakta Walter Miller na Zariya, sun dace da kalmar "bangaskiya", domin kowane Bahaushe yana jin "ba da gaskiya" a cikinta. "Ceto" kuwa tana da matsala. Musulmin Zangon Kwatano, a Jamhuriyar Benin, idan ya ji ta, ceton Annabi ranar ƙiyama zai tuna. Shi kuwa Kirista yana nufin kuɓuta daga zunubi tun a duniya ta hanyar sake haihuwa, wadda Yesu ya bayyana wa Nikodimu a Yohanna sura 3. Saboda haka, kafin ɗalibi ya zaɓi kalma a fassara, sai ya bincika ma'anar da mai sauraro ya riga ya ba ta.