Kufai A Cikin Kundin Ilimi

A jihar Nebraska ta ƙasar Amurka akwai wani ƙauye mai suna Monowi. An kafa shi a shekarar 1902, sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso wurin. A shekarun 1930 mazaunansa sun haura ɗari, da makaranta da majami'a da kantuna. Da injunan noma suka rage bukatar ƙwadago, sai matasa suka kama hanyar birni. Jana'iza ta ƙarshe da aka yi a majami'ar, a 1960 ne; makarantar kuma aka rufe ta a 1974. Ƙidayar shekarar 2000 ta sami mutum biyu, mata da miji. Mijin ya rasu a 2004, ƙidayar 2010 ta sami mutum ɗaya tak.

Duk da haka Monowi yana da shafinsa a Wikipedia, kundin ilimin nan na intanet. Ko ya cancanta?

Masu cewa a'a suna da hujja. Kundin ilimi ba rajistar haraji ba ne. In aka shigar da kowace bukka, mai neman sani zai ɓace cikin tarkace. An kuwa ga haka a zahiri. Wasu masu rubutu sun ɗebo sunaye daga rajistar taswirar gwamnatin Amurka, suka buɗe wa kowanne shafi a matsayin ƙauye. Da aka bincika, sai aka tarar da yawa mahaɗar layin dogo ce, ko gonar mutum guda. Haka ya faru da ƙasar Iran, inda aka mai da gonaki da wuraren famfon ruwa ƙauyuka, har a 2021 aka share dubban shafuka. Kama da wane ba wane ba ce.

Amma mai karatu ya lura, abin da ya rushe waɗannan shafuka ba ƙarancin mutane ba ne, rashin shaida ne. Ba wanda ya taɓa kiran wuraren garinsu. Ƙa'idar kundin ta ce wurin da mutane suka zauna, hukuma kuma ta amince da shi, ana ɗaukarsa ya cancanta ko da jama'arsa kaɗan ce, ko ma ya zama kufai. Wannan ƙa'ida daidai take. Garin da aka haifi 'ya'ya, aka ɗaura aure, aka binne iyaye, tarihinsa ba ya gogewa don mutane sun tashi.

Inda gyara yake shi ne yadda ake ba da labarin. Jaridu da gidajen talabijin sun yi ta zuwa Monowi domin abin mamaki: tsohuwa ɗaya ita ce magajiyar gari, ita ce magatakarda, ita ce ma'aji, tana kuma kula da ɗakin karatu mai littattafai kusan 5,000 da mijinta ya bari. Labari ne mai daɗin ji, amma in kundin ilimi ya tsaya nan, ya zama ɗan kallo. Ainihin abin koyo yana wurin ɗarin nan da suka tafi: me ya kore su, ina suka nufa, gonakinsu suka koma hannun wa?

Akwai kuma wata matsala da ta fi nauyi. Kundin yana dogara ga abin da aka rubuta. Monowi ya tsira domin yana ƙasar da ake ƙidaya kowace shekara goma, ake kuma adana takardu. Asode, tsohon birnin Azbin a Nijar, an san shi a waje domin matafiya irin su Barth, wanda ya ratsa yankin a 1850, sun ambace shi. To, kufan da ba baƙon da ya rubuta sunansu fa? Tarihinsu yana bakin tsofaffi, kuma duk tsohon da aka binne, da shaidarsa ake binne shi.

Saboda haka ƙanƙantar gari ba dalilin share shi ba ne, amma suna kawai ba ya isa. Wanda yake son a tuna da kufan kakanninsa, ya nemi tsofaffin da suka rage tun suna da rai, ya rubuta sunan rijiyar, da na mai gari, da shekarar da aka tashi, ya kai inda za a buga a adana.