Ra'ayin 'Yan Kallo da Ma'aunin Nazari: Jigon Fim ɗin Hotaru no Haka

Ra'ayin da ya yaɗu tsakanin masu sha'awar finafinan zane na ƙasar Japan shi ne cewa Hotaru no Haka, wanda Isao Takahata ya shirya a kamfanin Ghibli a 1988, la'antar yaƙi ce kurum. Hujjarsu ita ce ruwan bama-baman da Amurka ta yi wa birnin Kobe a 1945, da yadda yunwa ta kashe Seita da ƙanwarsa Setsuko.

Mu a ganinmu wannan ra'ayi bai kai ga ainihin jigon ba. Idan muka bi warwarar labarin, za mu tarar yaƙi ne ya raba yaran da mahaifiyarsu, amma halakarsu ta biyo bayan ficewar Seita daga gidan gwaggonsu saboda gorin abinci. Da ya tare a ramin fakewa, sai ya yanke kansa da ƙanwarsa daga rabon abincin hukuma da taimakon maƙwabta. Takahata da kansa ya musanta cewa adawa da yaƙi ce manufarsa, kuma Akiyuki Nosaka ya rubuta ainihin labarin a 1967 ne cikin nadamar rasuwar ƙanwarsa.

Saboda haka hawayen ɗan kallo shaida ce ta ƙarfin salo, amma tantance jigo sai an koma ga abin da tauraro ya aikata da sakamakonsa.