Daga Idon Shaidu Zuwa Alƙalamin Lissafi: Kalandar Yahudawa

Mu da muka saba da ganin azumi yana zagaya damina da rani, yana ja da baya da kwana kusan 11 kowace shekara, za mu fi kowa gane matsalar da Yahudawa suka fuskanta. Su ma da wata suke ƙirga, kwana 29 ko 30, kuma yininsu yana farawa ne da faɗuwar rana. Sai dai Attaura ta ɗaure Idin Ƙetarewa da lokacin nunar sha'ir a ƙasar Falasɗinu. Idan aka bar wata ya yi tafiyarsa, idin zai bar lokacinsa. Mafitarsu ita ce a riƙa ƙara wata na 13, wato Adar na biyu, jefi-jefi. Musulunci ya hana irin wannan ƙari, kuma nan ne hanyoyin biyu suka rabu.

Sunayen watanni kamar Nisan, Tammuz da Tishri daga Babila suka zo da su, bayan an kwashe su zuwa can a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa.

A da, ido ne mai hukunci. Shaidu biyu su je gaban majalisar malamai ta Sanhedrin su ce sun ga jinjirin wata, a yi musu tambayoyi, sannan a ayyana sabon wata. Daga Dutsen Zaitun a kunna wuta, tsauni ya miƙa wa tsauni har labari ya kai Babila. Da aka fara kunna wutar ƙarya, sai aka koma aika manzanni. Saboda jinkirin manzo ne mazauna nesa suka riƙa yin idi kwana biyu, kuma da yawansu har yau ba su daina ba.

Al'adarsu ta ce wani malaminsu, Hillel na Biyu, ne ya kafa lissafi a wajen shekarar 359 miladiyya, ko da yake tsarin ya ɗauki ƙarnoni kafin ya zauna. A 921 ma an yi zazzafar jayayya tsakanin malamai biyu, Aharon ben Meir na Falasɗinu da Sa'adiya Ga'on a kan ranar idi. Abin da ya tabbata a ƙarshe ya cancanci girmamawa. Cikin kowace shekara 19, bakwai suna da wata 13: ta 3, 6, 8, 11, 14, 17 da 19. An raba awa gida 1,080, aka ce tsawon wata kwana 29 ne da awa 12 da kaso 793, kuma bambancinsa da awon masana taurari na yau bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Sabuwar shekara ba ta faɗuwa Lahadi, Laraba ko Juma'a; an hana Laraba da Juma'a ne don kada azumin Yom Kippur ya manne da Asabar, ranar hutunsu. Al-Khawarizmi da al-Biruni duk sun yi rubutu a kan wannan lissafi.

A ganina, wargajewar al'umma ce ta tilasta shi. Mutanen da ke warwatse daga Yaman zuwa Andalus, ba su da majalisa ɗaya, ba za su iya jiran shaidu ba. Amma lissafin yana da ɗan tsayi: shekararsu tana zamewa gaba da kwana ɗaya cikin shekara 230 da wani abu, kuma ƙa'idarsu ta ce gyara sai da Sanhedrin, wadda yanzu babu ita.