Tsuntsaye a Darasin Lissafi: Tsokaci kan Koyar da Yaran Hausawan Mile 12

Sanannen abu ne a littattafan lissafi na ƙananan azuzuwa a zana tsuntsaye a kan reshe, a ce wasu sun tashi, sannan a tambayi yaro saura nawa. Dabarar ba ta da laifi a kan kanta, domin tsuntsu ba baƙo ba ne a adabin Bahaushe. Ko Abubakar Imam aku ya bai wa ragamar labari a Magana Jari Ce (1937). Inda gizo ke saƙar shi ne harshen da ake gabatar da darasin.

Ɗan Bahaushen da ya tashi a Mile 12, kasuwar tumatir da albasa da tattasai ta Legas, yakan shiga aji da ƙidaya a bakinsa. Ya ji ana cewa "ashirin babu ɗaya" ko "talatin ba biyu", wato ɗebewa tana cikin sunan adadin tun kafin malami ya ambace ta. Maƙwabcinsa Bayarabe ma haka yake gina adadi kamar 19 ta hanyar ragewa daga 20. Amma darasin tsuntsayen, da yake da Ingilishi yake zuwa, ba ya waiwayar wannan jari, sai ya ɗauki yaron tamkar bai taɓa ƙirga kwando ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara karatu da harshen uwa ko na mazauni, sai dai a Legas harshen mazauni Yarabanci ne, saboda haka ɗan zango ya tashi a tutar babu.

Akwai kuma rauni a misalin kansa. A kacici-kacicin nan na maharbin da ya harbo tsuntsu ɗaya cikin goma, amsar ita ce babu ko ɗaya, don sauran sun watse. Yaron da ya san wannan zai iya kawo ta a aji, a ba shi sifili, alhali hankali ya yi amfani da shi. Da zabi ko tantabaru ne a cikin keji, waɗanda akan sayar ɗaya bayan ɗaya, da tambayar "saura nawa?" ba ta da amsa biyu.