Kaboyi A Madubin Zanen Barkwanci

Duk wanda ya taɓa zama a gidan sinima ya kalli fim ɗin kaboyi ya san yadda labarin yake tafiya tun kafin a fara. Baƙo zai shigo gari a kan doki, ya tarar da bos ya addabi jama'a, a ƙarshe su haɗu a tsakiyar titi, wanda ya riga zare bindiga shi ne da gari. Wannan sabon da masu kallo suka yi shi Chuck Jones ya mayar jari a 1951, lokacin da ya fitar da Drip-Along Daffy a kamfanin Warner Bros. na Amurka, gajeren zane mai motsi na kimanin minti bakwai wanda Michael Maltese ya rubuta.

Sunan ma tsokana ce ga Hopalong Cassidy, kaboyin da William Boyd ya fito a matsayinsa cikin fina-finai 66, wanda a shekarun nan yaran Amurka suka haukace a kansa ta talabijin.

Tun daga buɗewa Jones ya tona asirin sana'ar. An rubuta a fuskar allo cewa Daffy, baƙar agwagwa mai cika baki, shi ne jarumi, Porky kuwa ɗan rakiya ne mai ba da dariya. Daffy yana da komai na jarumi: hula, doki mai kyau, bindigogi biyu a ƙugu. Da ya shiga mashaya ya fizgo bindigoginsa, sai wandonsa ya biyo su. Da ya auna Nasty Canasta, ƙaton ɗan fashin garin, sai mutumin ya gatsa bakin bindigar ya tauna kamar rake. Ko abin shan da aka haɗa musu don gwada jarumta, mai haɗawar sai da ya rufe fuska irin ta masu walda, ƙanƙarar da aka jefa ciki ta yi tsalle ta gudu. Porky ya shanye na Daffy kamar ba komai, Daffy ya karɓi wani ya sha, sai dukansu biyu suka fita hayyacinsu.

Wurin da na fi ganin gwanintar Jones shi ne karon ƙarshe. A nan bai yi wasa ba ko kaɗan. Titi ya yi tsit, ana jin ƙarar takun sawu, ana nuna mutanen biyu daga sama, daga ƙasa, daga nesa, daidai yadda manyan daraktocin kaboyi suke yi, har zuciyar mai kallo ta fara bugawa da gaske. Sai Porky ya murɗa wani ɗan sojan wasan yara ya sake shi. Canasta ya ɗauka yana dariya, sojan ya ɗaga 'yar bindigarsa ya kwantar da shi. Jama'a suka ɗaga Porky sama, ya zama shugaban tsaron gari. Daffy da ya rantse zai tsabtace garin ya ƙare da aikin sharar titi.

Mutum ba ya iya kwaikwayon tafiyar wanda bai ƙura wa ido ba. Jones da Maltese sun san fim ɗin kaboyi ciki da bai, sun gane cewa rabin jarumtar da ake tafa wa sutura ce da dabarar ɗaukar hoto, kuma sun nuna haka ba tare da sun wulaƙanta abin da suke tsokana ba. A ganina, cikin zanukan da suka taɓa kaboyi a wancan zamani, babu wanda ya kai wannan kaifin ido.